Hatimin Shaida a Ɗakin Karatu: Aikin Notari a Laburaren Amurka

A ƙasar Amurka, ɗakunan karatu na jama'a da dama suna yin wani aiki wanda bai shafi aron littafi ba, wato shaidar sa hannu a kan takardu. Mutum zai shiga laburare riƙe da takardar wakilci, ko takardar rantsuwa, ko takardar sayar da mota. Zai je teburin ma'aikata ya nuna katin shaidarsa, ya sa hannu a gaban wani ma'aikaci, shi kuma ma'aikacin ya rattaba nasa hannun ya buga hatimi. Wannan ma'aikaci shi ake kira notari, jami'in da gwamnatin jiha ta ba izinin tabbatar da cewa wanda ya sa hannu a takarda shi ne ainihin mai sunan, kuma da yardarsa ya sa. Aikin ba ya wuce 'yan mintoci. A wurare da yawa kyauta ake yinsa, a wasu kuma kuɗin bai taka kara ya karya ba. Amma da wannan ɗan hatimi ne gida ke sauya mai shi, da shi uwa ke fita ƙasar waje da ɗanta bisa yardar mahaifinsa, da shi kuma ɗa ke samun ikon kula da dukiyar mahaifin da tsufa ya kama.

Aikin yana da tsohon tarihi. Tun zamanin daular Rum akwai marubuta da ke zama a bainar jama'a suna rubuta wa mutane yarjejeniyar ciniki da wasiyya. A ƙarni na 13, birnin Bologna na Italiya ya shahara wajen koyar da wannan sana'a, daga nan ta yaɗu a nahiyar Turai. A Ingila, Fafaroma ne ke da ikon naɗa notari har zuwa shekarar 1533, lokacin da Sarki Henry na Takwas ya raba gari da fadar Fafaroma, ikon ya koma hannun Babban Limamin Canterbury. Turawan Ingila da suka yi ƙaura zuwa Amurka sun tafi da al'adar. A shekarar 1639 aka naɗa wani mai suna Thomas Fugill a yankin New Haven, wanda ake ɗauka a matsayin notari na farko a can. Ainihin manufar aikin kuwa sananniya ce ga duk wanda ya yi karatun addinin Musulunci, domin aya mafi tsawo a Alƙur'ani, ta 282 a cikin Suratul Baƙara, magana take a kan rubuta bashi da kafa masa shaidu. Al'ummomi da yawa sun daɗe da gane cewa alkawarin da aka rubuta a gaban amintaccen mutum ya fi wuyar musantawa.

Akwai wani abu a tarihin Amurka da ke nuna matsayin wannan ofis. A ranar 2 ga Agustan 1923 Shugaba Warren Harding ya rasu, mataimakinsa Calvin Coolidge kuma yana hutu a gidan mahaifinsa a ƙauyen Plymouth Notch na jihar Vermont. Gidan ba shi da lantarki. Cikin dare, kafin asubar 3 ga wata, mahaifin nasa, wanda manomi ne kuma notari, ya rantsar da shi a matsayin shugaban ƙasa da hasken fitilar kananzir. Ofis ne ƙarami, amma doka ta ɗora masa nauyin karɓar rantsuwa, kuma wannan nauyi bai sauya ba har yau.

A yanzu akwai notari sama da miliyan 4 a Amurka. Gwamnatin tarayya ba ta naɗa su, kowace jiha ce ke naɗa nata bisa dokarta, galibi ta ofishin sakataren jiha. Sharuɗɗan ba su da tsauri: mutum ya kai shekara 18, ya zama mazaunin jihar ko mai aiki a cikinta, kuma ba a taɓa kama shi da babban laifi na rashin gaskiya ba. Wasu jihohi suna ƙara horo da jarrabawa. A Kalifoniya, misali, sabon mai nema sai ya yi kwas na awa shida, ya ci jarrabawa, a ɗauki hoton yatsunsa, sannan ya ajiye takardar lamuni ta dala 15,000 wadda za a biya diyya daga cikinta idan ya cuci wani. Wa'adin naɗin a jihohi da yawa shekara huɗu ne. Jihar Louisiana ta fita daban, domin dokokinta sun samo asali daga na Faransa da Sifaniya, don haka notarinta yana da iko mai faɗi kuma naɗinsa na tsawon rai ne. A Amurka, ba lallai ne notari ya zama lauya ba. Yana iya zama ma'aikacin banki, ko sakatariyar ofis, ko mai shagon aika kaya, ko ma'aikacin laburare.

Ayyukan da notari ke yi ba su da yawa, kuma biyu ne suka fi fitowa. Na farko shi ne karɓar iƙirari. Mai takarda zai tsaya a gaban notari ya amsa cewa wannan sa hannun nasa ne, kuma don kansa ya sa. Irin wannan ake yi wa takardun mallakar gida da na wakilci. Na biyu shi ne rantsarwa. A nan mai takarda zai rantse cewa abin da ke cikin takardar gaskiya ne, sannan ya sa hannu a gaban notari, ba kafin zuwansa ba. Wanda addininsa ko lamirinsa bai ba shi damar yin rantsuwa ba, doka ta yarda ya yi alkawari mai ƙarfi a madadinta, kuma hukuncinsu ɗaya ne: wanda ya yi ƙarya ana iya gurfanar da shi da laifin shaidar zur. Bayan waɗannan, wasu jihohi sun yarda notari ya tabbatar da cewa kwafin wata takarda ya yi daidai da asalinta. 'Yan jihohi ƙalilan, irin su Florida da South Carolina, har ɗaurin aure na hukuma sun ba shi izinin yi.

Abin da ya kamata a fahimta da kyau shi ne iyakar abin da hatimin ke tabbatarwa. Yana tabbatar da wane ne ya sa hannu, a wace rana, a wace jiha da gunduma. Ba ya tabbatar da cewa abin da aka rubuta gaskiya ne, ba ya mayar da haramtacciyar yarjejeniya halal, ba ya kuma nuna cewa cinikin yana da amfani ga mai sa hannu. Notari ba ya bin takarda layi-layi don ya auna ta. Dubawar da yake yi ta ganin cewa ba a bar gurbi fayau ba ce, wanda wani zai iya cikewa daga baya. Mutum zai iya sa hannu a kan yarjejeniyar da za ta raba shi da gidansa, hatimi ya hau kanta daidai da doka, domin tambayar da notari ke amsawa ita ce ko shi ne ya sa hannun.

Ginshiƙin aikin duka shi ne bayyana ido da ido. Hausawa na cewa gani ya kori ji, kuma a kan wannan ƙa'ida aka gina ofishin notari. Miji ba ya kawo takardar da matarsa ta sa wa hannu a gida ya ce a buga mata hatimi, ko da notarin ya san su duka biyun. Dole mai sa hannu ya zo da kansa, ya nuna katin shaida na hukuma mai hoto, kamar lasisin tuƙi ko fasfo. Wanda ba shi da kati, jihohi da dama sun yarda ya zo da amintattun mutanen da za su rantse cewa sun san shi. Wanda bai iya rubutu ba yana iya yin alama a gaban shaidu. Bayan haka notari zai ɗan yi magana da mutumin don ya gane ko yana cikin hayyacinsa, ko ya san abin da yake sa wa hannu, ko kuwa wani ne ke matsa masa. Idan tsohuwa ta zo tare da wani ɗan uwa da ke amsa mata kowace tambaya, ita kuma ba ta san me takardar ta ƙunsa ba, haƙƙin notari ne ya ƙi buga hatimi. A jihohi da yawa akwai kuma littafin rajista, inda ake rubuta rana da suna da irin takardar da katin da aka nuna. A Kalifoniya, idan takardar ta shafi gida ko fili ko wakilci, sai mai ita ya dangwala babban yatsansa a cikin littafin.

Tambayar da ke biyo baya ita ce me ya haɗa wannan aiki da ɗakin karatu. Amsar tana cikin tarihin laburaren Amurka. A shekarar 1833 garin Peterborough na jihar New Hampshire ya kafa ɗakin karatu da kuɗin harajin jama'a, wanda kowa ke shiga kyauta. Birnin Boston ya buɗe nasa a 1854. Daga baya attajirin ƙarfe Andrew Carnegie ya ba da kuɗin gina ɗakunan karatu sama da 1,600 a faɗin ƙasar, bisa sharaɗin cewa kowane gari zai ɗauki nauyin tafiyar da nasa. A yau akwai hukumomin laburare kimanin 9,000, masu rassa wajen 17,000, kuma mafi yawan kuɗinsu daga harajin ƙananan hukumomi yake fitowa. Wannan ya sa mutanen gari suke kallon laburare a matsayin nasu. Shi ne ginin gwamnati da ake shiga ba tare da an tambayi mutum me ya kawo shi ba, ba a neman ya sayi komai, ba a duba aljihunsa.

Da tafiya ta yi tafiya, ayyukan laburare sun faɗaɗa zuwa duk abin da ya shafi mu'amalar talaka da takarda. A nan ake samun kwamfuta da intanet kyauta don neman aiki. A nan ake samun fom ɗin haraji da masu taimakawa wajen cike shi. Wasu rassa suna karɓar takardun neman fasfo, wasu suna rajistar masu zaɓe, wasu suna koyar da baƙi Turanci da shirya su don jarrabawar zama ɗan ƙasa. A shekarar 2009 laburaren birnin San Francisco ya ɗauki ma'aikaciyar jin daɗin jama'a ta dindindin don taimaka wa marasa matsuguni da ke yini a ginin. Aikin notari ya shigo cikin wannan jeri ba tare da wata wahala ba. Mutumin da ya sauko da fom daga intanet a kwamfutar laburare, ya buga shi a injin laburare, abu ɗaya ya rage masa, shi ne hatimi. Idan yana samuwa a tebur na gaba, an gama masa aiki a zama ɗaya.

Akwai wasu wuraren da ake samun notari, amma kowanne da sharaɗinsa. Bankuna suna yi wa abokan cinikinsu kyauta, sai dai ba kowa ke da asusu ba. Binciken hukumar inshorar ajiyar banki ta Amurka na shekarar 2021 ya nuna cewa kimanin gidaje miliyan 5.9, wato kashi 4.5 cikin 100, ba su da asusun banki ko ɗaya. Shagunan aika kaya irin na UPS suna yi, amma da kuɗi. Ofisoshin lauyoyi suna yi, amma galibi ga waɗanda suka ɗauke su aiki. Akwai kuma notari mai zuwa har gida ko asibiti, wanda kuɗin zuwansa kan ninka kuɗin hatimin sau da yawa. Jihohi da dama sun ƙayyade abin da za a karɓa: a New York dala 2 ne, a Kalifoniya dala 15 a kan kowane sa hannu. Wanda ke da takardu huɗu, shi da matarsa, lissafin yana hawa da sauri. Ga kuma batun lokaci. Banki na rufewa da yamma, laburare da yawa kuwa suna kaiwa dare a wasu ranaku kuma suna buɗewa ranar Asabar. Ga leburan da ake biya a kan awa, wanda barin aiki da rana ke nufin asarar kuɗin cefane, wannan bambanci ne babba.

Takardun da ake kawowa laburare na rayuwar yau da kullum ne. Akwai takardar izinin tafiya da yaro ƙasar waje idan ɗaya daga cikin iyaye ba ya cikin tafiyar. Akwai takardar rantsuwa kan adireshi, wadda makarantu ke nema kafin su ɗauki yaron da iyayensa ke zaune a gidan wani. Akwai takardar mallakar mota, wadda a jihohi irin su Ohio da Pennsylvania sai an shaida sa hannun mai sayarwa. Akwai fom ɗin fansho da ke buƙatar yardar miji ko mata, da takardar da mutum ke bayyana wanda zai yanke shawara kan jinyarsa idan ciwo ya hana shi magana. Babu ɗaya cikinsu da ke da wuya, amma rashin hatimi kan sa a mayar da kowacce, yaro ya rasa makon farko na makaranta, ko tafiya ta rushe a filin jirgi.

Sai dai laburare yana da iyakarsa, kuma kusan kowane reshe yana da rubutacciyar ƙa'ida kan abin da ba ya taɓawa. Da yawa ba sa karɓar wasiyya, domin kuskure kaɗan a wajen sa hannu ko shaidu na iya rushe ta bayan mai ita ya rasu, a lokacin da ba mai iya gyarawa. Da yawa ba sa karɓar takardun cinikin gida da na bashin gida, saboda yawan shafukansu da girman dukiyar da ke ciki. Ba sa tabbatar da kwafin takardar haihuwa ko ta mutuwa ko ta aure, domin ofishin da ya bayar da su ne kaɗai ke da wannan hurumi. Ba sa cike fom mai lamba I-9, wanda ake tantance izinin aiki da shi, domin ba aikin notari ba ne. Idan takarda tana buƙatar shaidu, mai ita ne zai zo da nasa, ma'aikatan laburare ba sa tsayawa shaida, kuma ba a yarda a roƙi masu karatu a zaure ba. Haka nan rassa da yawa ba sa buga hatimi idan notari da mai takarda ba sa jin harshen juna, domin yawancin jihohi suna son su yi magana kai tsaye ba ta bakin tafinta ba. Sannan ba kowane laburare ke yin aikin ba, inda ake yi ma notarin na iya zama mutum ɗaya tak, wanda idan ya tafi hutu sai a jira dawowarsa.

Waɗannan ƙa'idoji suna da dalili. Naɗin notari na mutum ne, ba na laburare ba, ko da laburaren ne ya biya kuɗin rajista da na hatimi. Idan aka yi kuskure aka yi asara, ma'aikacin ne za a kai ƙara da sunansa. Takardar lamunin da ya ajiye jama'a take karewa, kuma kamfanin da ya biya diyya zai dawo ya nemi kuɗinsa a wurinsa. Shi ya sa hukumomin laburare da yawa suke saya wa ma'aikatansu inshora ta musamman. Wani abu mai muhimmanci kuma shi ne doka ta hana notarin da ba lauya ba bayar da shawarar shari'a. Ba zai ce wa mutum ga fom ɗin da ya dace da kai ba, ba zai fassara masa ma'anar wani sashe na yarjejeniya ba, ba zai ma zaɓa masa tsakanin iƙirari da rantsuwa ba idan takardar ba ta fayyace ba. Wannan kan yi wa ma'aikacin laburare nauyi, domin sana'arsa ta amsa tambaya ce. Abin da zai iya yi shi ne ya nuna wa mutum littattafan doka da ke kan kanta, ko ya ba shi adireshin ofishin da ke ba marasa ƙarfi taimakon lauya kyauta.

Amurkawa sun ga abin da sakaci da wannan aiki ke jawowa. Bayan rikicin tattalin arziki na 2008, bankuna sun shiga ƙwace gidajen waɗanda suka kasa biyan bashi. A shekarar 2010 ta bayyana cewa wasu ma'aikatan kamfanonin bashin gida suna sa hannu a kan dubban takardun rantsuwa ba tare da sun karanta su ba, ana kuma buga musu hatimin notari ba tare da mai sa hannun ya bayyana ba. Da waɗannan takardu aka je kotu aka fitar da iyalai daga gidajensu. A watan Fabrairun 2012 manyan bankuna biyar suka amince da sulhu na dala biliyan 25 da gwamnatin tarayya da jihohi 49. Duk lokacin da ma'aikacin laburare ya ƙi buga hatimi saboda mai takarda bai zo da kansa ba, ko katinsa bai cika sharaɗi ba, irin wannan ɓarna yake toshewa tun tana ƙarama.

Akwai wani haɗari da ya fi shafar baƙi. A ƙasashen Latin Amurka, notari babban masanin shari'a ne mai iko sosai. Wasu mayaudara a Amurka sun yi amfani da wannan, suna samun naɗin notari mai sauƙi sannan su tallata kansu ga baƙi masu jin Sifaniyanci a matsayin ƙwararru kan takardun zama ƙasa. Suna karɓar kuɗi masu yawa, su cike fom ba daidai ba, wani lokaci har abin ya kai ga korar mutum daga ƙasar. Jihohi irin su Kalifoniya da Texas sun haramta wa notari fassara sunan muƙaminsa kai tsaye zuwa Sifaniyanci a talla. Wannan ruɗani na iya faɗa wa wanda ya fito daga Najeriya ko Nijar. A Najeriya notari gogaggen lauya ne wanda Alƙalin Alƙalan ƙasa ke naɗawa, takardar rantsuwa ta yau da kullum kuma a gaban kwamishinan rantsuwa ake yinta a kotu. A Nijar ana bin tsarin Faransa, inda notari masanin doka ne da ke tsara takardun filaye da na kamfanoni da na gado da kansa. Bahaushen da ya saba da waɗannan, idan ya isa Amurka, ya kamata ya san cewa mai hatimin da ke laburare shaida ne kawai. Duk wanda ya ce shi notari ne don haka zai gyara wa mutum takardun zama ƙasa, a guje shi.

Batun takardun da za a aika gida ma yana da nasa tsari. Mazaunin Amurka da ke son wakilta ɗan uwansa ya sayar masa da fili ko ya karɓar masa gado, hatimin laburare mataki na farko ne kawai. Yarjejeniyar Hague ta 1961, wadda Amurka ta shiga a 1981, ta samar da wata takardar tabbaci guda ɗaya da ake kira afostil, wadda ƙasashen da ke cikin yarjejeniyar ke karɓa daga juna. Ofishin sakataren jiha ne ke bayar da ita, ba notari ba. Ga ƙasar da ba ta cikin yarjejeniyar, irin Najeriya, hanyar ta fi tsawo: sakataren jiha ya tabbatar da hatimin notari, Ma'aikatar Harkokin Wajen Amurka ta tabbatar da na sakataren jiha, sannan ofishin jakadancin ƙasar ya sa nasa. Abin da ya fi dacewa shi ne a fara tambayar kotu ko banki ko ofishin filayen da za a kai wa takardar me suke buƙata, kafin a kashe kuɗi da lokaci.

Zamani ya kawo shaidar sa hannu ta intanet. Jihar Virginia ce ta fara, da dokar da ta soma aiki a 2012, wadda ta yarda notari da mai takarda su haɗu ta bidiyo. Annobar korona ta 2020, wadda ta rufe bankuna da ɗakunan karatu, ta sa jihohi da yawa suka bi sahu, yanzu sama da 40 suna da irin wannan doka. Hanyar tana da sauƙi ga wanda ke da kwamfuta mai kyamara da intanet mai ƙarfi da katin biyan kuɗi. Amma tantancewar kan dogara da tambayoyin da ake ciro su daga tarihin bashi da adireshin mutum a Amurka, abin da sabon zuwa ba shi da shi. Tsofaffi da yawa ma ba su saba da na'urar ba. Mutanen da intanet ta bari a baya su ne dai waɗanda banki ya bari tun farko, kuma su ne ke zuwa laburare.

A cikin ma'aikatan laburare akwai masu ganin cewa an yi wa ɗakin karatu lodi fiye da kima, ana tura masa duk aikin da wasu hukumomi suka yar, ba tare da ƙarin kuɗi ko ma'aikata ba. Wannan ƙorafi yana da tushe, domin mintocin da aka ba mai takarda an ɗauke su ne daga mai neman littafi ko yaron da ke jiran a taimaka masa da aikin makaranta. Maganin abin yana hannun hukumomin gari: su horar da ma'aikaci fiye da ɗaya, su biya inshora, su tsara lokutan aikin, su kuma rubuta ƙa'idoji a fili cikin harsunan da mutanen unguwa ke ji. Kuɗin da wannan ke ci kaɗan ne idan aka gwada shi da amfaninsa. Hukumar da ta wajabta wa jama'a kawo takarda mai hatimi, wajibi ne ta tabbatar akwai inda talaka zai sami hatimin ba tare da ya rasa yinin aiki ba, kuma laburare ya nuna zai iya riƙe wannan amana.

Ga mai karatu da ke zaune a Amurka, ko mai ɗan uwa a can, shawarar a taƙaice take. A kira laburare tukuna a ji ko suna yin aikin, da ranar da notari ke nan, da irin takardun da suke karɓa. A tafi da katin shaida mai hoto wanda wa'adinsa bai ƙare ba. A cike kowane gurbi a takardar, amma a bar wurin sa hannu sai an isa gaban notari. Idan ana buƙatar shaidu, a tafi da su tare da katunansu. Kafin duk wannan, a karanta takardar a fahimce ta, idan ta shafi gida ko gado ko zama ƙasa a nemi lauya, domin notari zai shaida cewa mutum ya sa hannu, amma abin da aka sa wa hannun yana wuyan mai shi.